Asusun Yankari

A wurin yawancinmu, in an ce hutu, abin da ake nufi shi ne an rufe makaranta. Yara su koma gona, malami kuma ya saɓa fartanya ya bi bayansu. In tafiya ta kama, to, ko biki ne, ko rasuwa, ko zuwa gida lokacin Kirsimati. Amma a ce maigida ya kwashi matarsa da 'ya'yansa sun tafi wani wuri domin su huta, su ga abin da ba su taɓa gani ba, wannan mun bar wa Turawa da manyan ma'aikata. Mutum yakan ji nauyin faɗar wannan buri a gaban jama'a ma, kada a ce kuɗi sun yi masa yawa.

Aikinmu koyarwa ne a makarantar ikilisiya, a wani gari cikin Jihar Filato. Kowa ya san albashin irin wannan aiki, ba sai mun faɗa ba. Duk da haka, a watan Afrilu na 2024, mu shida a gidanmu mun yi kwana 3 a gandun dajin Yankari, ba mu ci bashin ko kwabo ba. Shekara 2 da wata 3 muka yi muna tara kuɗin. Muna so mu ba ku labarin yadda muka tara su, 'yan'uwa, gama a wajen tarin ne yawancin masu wannan buri sukan tsaya.

Abin da ya tura mu

Shekara da shekaru muna koya wa 'yan aji biyar labarin Yankari. Muna rubuta musu a allo cewa yana Jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi domin namun daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Muna gaya musu akwai giwaye, akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ake kira Wikki. Kowace shekara kuwa sai an sami yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka taɓa ganin giwa?" Amsar kullum ɗaya ce.

Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi. A farkon 2022 muka zauna muka ƙirga, sai muka ga saura shekara uku da rabi babban ɗanmu ya gama sakandare. Daga nan sai makaranta ta gaba, ko koyon sana'a a wani gari. Ƙannensa uku kuma suna biye da shi. Kwanakin da iyali sukan yi duka a ƙarƙashin rufi ɗaya ba su da yawa yadda muke tsammani. In aka tambayi yaranmu nan gaba abin da suka tuna na gidan ubansu, za su ce makaranta, gona, sujada. Duk abubuwa ne masu kyau. Amma muna so su tuna har da ranar da Baba da Mama suka ajiye aiki, suka zauna tare da su ba don wani dalili ba sai don zaman.

Lissafi kafin tari

Wanda ya ce zai tara kuɗi bai san ko nawa yake nema ba, yakan gaji a hanya. Saboda haka muka fara da tambayar waɗanda suka taɓa zuwa. Muka ɗauki wani tsohon littafin rubutu muka jera abubuwan da tafiyar za ta ci: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga ƙofa, ɗakin kwana, motar zagaya daji da ɗan jagora, abinci, da 'yar tsaraba ga kakannin yara. Muka haɗa jimla, sa'an nan muka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai domin abin da ba a zata ba. Da muka ga jimlar, sai uwargida ta yi dariya ta ce, "Malam, wannan ai sai mun sayar da gidan da ba namu ba."

Sai muka raba jimlar bisa ga kwanaki, nan ta daina ba da tsoro. Ku duba wannan lissafi. Naira 200 kowace rana, a shekara ta zama Naira 73,000. In mutum biyu ne a gida suke sakawa, ta zama Naira 146,000. Mutanen dā ba su yi ƙarya ba da suka ce da yayyafi kogi kan cika.

Muka kuma sa wa kuɗin gida jeri, yadda asusun ba zai ci hakkin kowa ba. In albashi ya zo, zakka ce ta fari. Sa'an nan hatsi da cefane, kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, da abin da muke aika wa tsofaffi a ƙauye. Asusun tafiya yana bin bayan waɗannan, amma yana gaba da sauran abubuwa duka. Ranar da albashi ya shigo, ranar ake cire rabonsa. Wanda ya ce sai ƙarshen wata zai ajiye abin da ya rage, ya sani babu abin da yake ragewa.

Kowa da hannunsa

Tun farko muka tara yaran muka gaya musu shirin, muka nuna musu littafin. Wannan ya sauya abubuwa da yawa a gidan. Babban ɗanmu ya roƙi a ba shi kunya goma a bayan gida, ya shuka gyaɗa. 'Yarmu ta biyu takan taya mahaifiyarta yin zoɓo da kunun zaƙi, ana sayarwa a bakin makaranta lokacin tara. Na ukun ya karɓi kula da kaji, duk ƙwan da aka sayar rabin kuɗin na asusu ne. Auta ba ta da sana'a, sai aka ba ta riƙon littafi. Ita ce takan kawo shi kowace Asabar da dare a rubuta abin da ya shigo. Ba a taɓa mantawa ba, gama ba ta yarda.

Akwai kuma abubuwan da muka bari. Lemon kwalba na ranar Lahadi ya koma zoɓo. Katin waya muka rage. Abin da ya fi wuya shi ne anko. A shekara ɗaya ana iya yin biki biyar ko shida a ikilisiya da cikin dangi, kowanne da atamfarsa. Uwargida ta yanke shawara za ta riƙa yin anko na dangi na kusa kaɗai, sauran kuwa ta je da kayan da take da su, ta kai gudummawarta, ta yi aikin girki kamar kowa. An yi magana, ba a rasa ba. Wata ma ta ce mata, "Maman yara, ko dai Malam ya daina ba ki ne?" Ta amsa da cewa suna da abin da suke tarawa, ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Bayan 'yan watanni maganar ta mutu, wasu mata biyu kuma suka bi sawunta.

Inda kuɗi za su kwana

Tara kuɗi abu ɗaya ne, ajiye su yadda ba za su lalace ba wani abu ne dabam. A nan ne shekarun nan biyu suka koya mana karatu.

Da asusun ƙasa muka fara, irin wanda masu ginin tukwane suke yi. Yana da amfani ga yara ƙwarai, gama suna ganinsa, suna ɗaga shi su ji nauyi. Amma a watan Oktoba na 2022 aka sanar za a sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ƙarshen Janairu na 2023 ya zama ranar daina karɓar tsofaffi. Dole muka fasa asusun kafin lokacinsa, muka kai kuɗin banki. Daga baya kotu ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, amma a lokacin babu wanda ya san haka za ta kasance. Ko ba wannan ma, takardar kuɗi da ta daɗe a tukunya tana da abokan gāba uku: gara, danshi, da ɓarawo. Tun daga nan muka mai da asusun ƙasa wurin tara na wata ɗaya kawai. Ƙarshen wata a kwashe a kai banki, a wani asusu dabam wanda ba mu karɓi katin cire kuɗi a kansa ba. In sai ka hau mota ka bi layi kafin ka taɓa kuɗi, za ka yi tunani sau biyu.

Amma akwai ɓarawon da yake shiga har cikin banki, wato tsadar kaya. A Janairu na 2022, sa'ad da muka fara, hauhawar farashi a ƙasar nan tana wajen kashi 15 cikin 100. Kafin Maris na 2024 ta haura kashi 33. Ma'anar wannan ita ce, abin da ka saya Naira 100 bara, bana sai ka ba da 133. A ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota kuwa ya bi ta. Muka buɗe littafinmu muka ga layin kuɗin mota ya zama tatsuniya. Kuɗinmu suna nan yadda muka ajiye su, amma tafiyar ta ƙara nisa.

Maganin da muka samu shi ne wanda iyayenmu suka sani tun dā: a mai da wani kashi na kuɗin abin da farashinsa yake tashi tare da kasuwa. Da kakar 2022 mun riga mun sayi masara buhu 2 muka adana, muka sayar a watan Yuli da riba. Sa'an nan mu malamai goma a makarantarmu muna da adashi. Da fari niyyarmu mu karɓi ɗauka ta ƙarshe, kusa da lokacin tafiya. Amma a lokacin tsada, wanda ya ɗauka a ƙarshe shi ne ya fi asara, gama kuɗin da ya zuba suna da ƙarfi, waɗanda ya karɓa kuwa sun yi rauni. Sai muka roƙi uwar adashi ta ba mu ɗaukar watan Yuni. Da kuɗin muka sayi akuya mai ciki da ɗan bunsuru. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, ba ta daɗe ba ta haifi biyu. Bunsurun muka sayar ana gab da Kirsimati, lokacin da dabba take daraja a wajenmu. Uwar da 'ya'yanta kuma muka sayar kafin Ista.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan hanyoyi ba su da haɗari. Akuya takan yi ciwo ta mutu in ba a yi mata allurar rigakafi ba, a kan sace ta, da damina kuma dole a ɗaure ta kada ta haɗa ka faɗa da maƙwabci. Hatsi ƙwari sukan ci shi, kuma ba kullum farashi yake tashi ba. A 2025 farashin masara ya faɗi a kasuwanni da yawa na Arewa, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye sun ji jiki. Adashi kuwa sai da mutanen da ka san gidajensu, a kuma rubuta komai. Shi ya sa muka raba: kashi a banki, kashi a turke, kashi a buhu. In ɗaya ya ba da kunya, sauran su rufa asiri.

Hanya ɗaya ce muka ƙi ko kallonta, wato ta masu cewa kawo dubu goma ka karɓi dubu goma sha uku bayan wata ɗaya. Waɗanda suka ga yadda MMM ta rufe asusun mutane a Disamba na 2016 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Irinta suna ta fitowa da sababbin sunaye a wayoyinmu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ranar da aka gwada mu

Yanzu mun zo ga tambayar da muka san tana zuciyar mutane da yawa. Daidai ne mutum ya ajiye kuɗin yawon buɗe ido alhali danginsa suna cikin bukata? Mun yi wa kanmu wannan tambaya tun ranar fari, muka kafa doka biyu muka rubuta su a bangon littafin. Ta ɗaya: rai ya fi tafiya. In rashin lafiya ne, ko yunwa, ko za a kori yaro daga makaranta, asusun a buɗe yake. Ta biyu: ban da waɗannan, ba a taɓa shi, ko wane ne ya roƙa.

A watan Satumba na 2023 doka ta ɗaya ta zo neman hakkinta. Mahaifiyar uwargida ta kwanta, likita ya ce sai an yi mata aiki. Muka kira yaran da dare muka buɗe littafin a gabansu, gama guminsu yana ciki, bai kamata su ji labari daga baya ba. Muka gaya musu za a ɗebi kusan rabi. Aka yi shiru na ɗan lokaci. Sai babban ya ce, "Baba, ai giwa ba za ta gudu ba. A kai wa Kaka." Washegari aka kai. Da ba mu tara don Yankari ba, da a wannan mako muna bin gidaje neman rance. Tsohuwa ta warke, tana nan har yau.

Doka ta biyu ita ce ta fi wuyar riƙewa, domin ita ce take ɓata wa mutane rai. Wani ɗan'uwa ya zo neman a cika masa ya sake waya. Wani yana so a ƙara masa ya kama babban zaure na bikin 'yarsa. Muka ba da abin da za mu iya daga aljihun wata, muka ce sauran yana da mai shi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Yaya, kuna da kuɗin zuwa kallon birai, amma ba ku da na ɗan'uwa." Maganar ta yi mana zafi. Amma muka duba muka ga bikinsa jin daɗin iyalinsa ne, tafiyarmu kuma jin daɗin namu iyalin. Babu dalilin da zai sa ƙwan kajin yaro ɗan shekara goma ya tafi kama zaure. Maigida yana da hakkin dangi a wuyansa, yana kuma da hakkin waɗanda suke cin tuwo a akushinsa. Wanda ya ce zai biya na farko duka kafin ya waiwayi na biyu, 'ya'yansa za su girma su bar gida yana nan yana biya.

Saboda ciwon Kaka da tsadar mota, tafiyar da muka shirya yi a Disamba ta koma Afrilu. Kwana biyar suka koma uku. Abincin da muka yi niyyar saya a can, muka ce za mu tafi da namu: dambu, ƙuli-ƙuli, garin rogo, soyayyen nama, da burodi. An ba mu shawara mu ci bashi mu cika, a biya a hankali. Muka ƙi. Wanda ya huta kwana biyar ya dawo ya yi wata goma yana ɓuya wa mai bin bashi, ina hutun yake? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da kuɗin suka saya

Muka zaɓi tsakiyar mako, bayan an gama bukukuwan Ista da ƙaramar Sallah, lokacin da jama'a suka ragu. Muka tashi da sassafe, Jos zuwa Bauchi, sa'an nan hanyar Gombe har Dindima, inda ake ratsewa a nufi ƙofar gandun a Mainamaji. Daga ƙofar akwai sauran tafiya cikin daji kafin a kai masaukin Wikki. Jinkirin da muka yi ya zama alheri, gama da rani ne ciyawa take bushewa, namun daji kuma su taru kusa da Kogin Gaji neman ruwa, a fi ganinsu.

Tun kafin mu sauke kaya, gwaggon biri ya tarye mu. Ma'aikata sun riga sun gargaɗe mu kada a bar ƙofa a buɗe, kada a riƙe leda a hannu. Gadu kuwa yana kiwo a tsakanin ɗakuna kamar tunkiyar gida. Da safe muka shiga motar zagaya daji, muka ga ɓauna, da gwambaza, da gwanki, da kada kwance a bakin ruwa. Giwa dai ba mu gan ta ba. Ɗan jagora ya tsai da mota ya nuna mana sawunta da bishiyar da ta karya, ya ce da dare garken ya wuce. Auta ta leƙa ta ce sawun ya fi farantin tuwonmu faɗi. Ba wanda ya yi fushi. Daji ba gidan zu ba ne, dabba tana zuwa inda ta ga dama.

Inda muka fi daɗewa shi ne Wikki. Ruwan yana fitowa daga gindin dutse, garau, har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kuma digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. A nan yaran suka ga abin da ba su taɓa gani ba, wanda ba ya cikin littafin aji biyar: mahaifiyarsu, wadda take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, zaune a bakin ruwa ba ta da tukunya a wuta, tana watsa wa mijinta ruwa tana dariya. Kwana uku babu wanda ya kira ta ya ce a zo a ɗora sanwa.

Ga mai son farawa

Ba lalle sai Yankari ba, ɗan'uwa. Wanda yake Filato yana da gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, da gandun namun daji na Jos, da magangarar ruwa ta Assop. Na Kudancin Kaduna yana da Matsirga kusa da Kafanchan. Na Kano yana da Gidan Makama da Dutsen Dala. Wasu daga cikin waɗannan tafiyar yini ɗaya ce, kuɗin mota da abincin rana kawai. A tambayi lafiyar hanya kafin a tashi, a kuma yi tafiya da rana.

Abin da ake bukata shi ne a sa wa wurin suna, a sa wa tafiyar wata, a rubuta lissafi, a gaya wa yara. Kuɗin da ba su da suna kowa yana iya kiransu su amsa. Amma kuɗin da yaro ya san na tafiyarsu ne, shi da kansa zai tsare su, har ya hana ubansa taɓawa. Ku zauna da uwargida a wannan mako, ku ƙirga shekarun da suka rage wa babban ɗanku a gida, sa'an nan ku nemo tsohon littafin rubutu. Allah ya sa albarka a cikin ɗan abin da za ku fara da shi.